Ina Karan da Muka Shimfiɗa a Garka Yake Tafiya?

Ƴan'uwa manoma, akwai wata tambaya da ke yawan fitowa daga bakin masu noman rani a kwarin Gulbin Maradi, tun daga Jiratawa har Tibiri. Malamin gona ya ce a shimfiɗa kara ko haki a kan fangali don a rage ban-ruwa. Mutum ya bi magana, ya kwaso dami biyu ko uku daga cikin karan da ya ajiye wa bisashensa, ya shimfiɗa. Bayan wata uku ko huɗu ya duba, sai ya tarar babu abin da ya saura sai ɓurɓushi da hanyoyin gara. Sai ya ce: "To ina ribar? Na ciyar da gara, na hana tumakina."

Tambayar tana da nauyi, domin kara yanzu dukiya ne. Ana sayar da shi, ana darni da shi, ana hura wuta da shi, ana kiwo da shi. Wanda za a ce ya zuba shi a ƙasa ya ruɓe, haƙƙinsa ne a faɗa masa inda karan zai tafi, da abin da zai bari a bayansa, da tsawon lokacin da za a jira kafin a ga amfanin.

Abin da ya sa maganar ta shafi Jiratawa

Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake fitowa. Yana bi ta wajen Madarunfa da Jiratawa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komawa Nijeriya. Dattawa sun san lokacin da yake cika ya malale fadamu kowace damina, har a shekarar 1945 ya ci tsohon garin Maradi, aka tashi aka koma tudu. Duk da ɓarnar da yakan yi, ambaliyar nan tana barin baƙar laka a gonakin kwari, wadda ita ce takin da ba a saye. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a farkon shekarun 1990, ga kuma ƙarancin ruwan sama na wasu shekaru, gulbin bai cika shimfiɗa lakarsa kamar da ba.

A Jiratawa kuwa, tun farkon shekarun 1980 aka gyara filin noman rani na kimanin hekta 500 a ƙarƙashin ma'aikatar ONAHA. Ruwan filin daga rijiyoyin burtsatse ake jawo shi da famfuna, don haka kowane ɗigo da kuɗinsa. Ƙasar kuma ba ta hutawa: a cire amfanin damina, a sa na rani, a cire na rani, a koma na damina. Ƙasar da ake nomawa sau biyu a shekara, ba ta samun lakar gulbi, ba a kuma mayar mata da ko ganye ɗaya, dole ƙarfinta ya yi ta raguwa ko da ana zuba mata takin zamani. Masu garka da yawa sun lura da haka da kansu. Buhun da ya ishe su a da, yanzu ba ya isa.

Amfanin da ake gani tun makon farko

Kafin kara ya fara ruɓewa ma, yana aiki irin na inuwa. A watan Afrilu zafin iska a Maradi yakan wuce digiri 40, fuskar yashi kuwa da tsakar rana takan wuce digiri 50, har mutum ba ya iya taka ta ba takalmi. Ƙananan saiwoyin tumatir da tattasai da ke kusa da sama suna ƙonewa a wannan zafi. A ƙarƙashin shimfiɗa mai kaurin yatsu uku ko huɗu, ƙasa tana zama da sanyi da laima. Sa hannu ka ji. Ruwan da rana da iska za su kwashe da yamma yakan kwana, ciyawa kuma ba ta samun hasken da za ta tsiro da yawa. Wannan shi ne abin da kowa ke gani, ba sai an daɗe a kansa ba.

Su wa ke cin shimfiɗar?

Ruwa ne ke fara taɓa ta. A cikin karan gero da na dawa akwai sinadarin da malaman gona ke kira potas, wanda shi ne lamba ta uku a jikin buhun taki mai rubutun 15-15-15. Mafi yawan potas ɗin da gero ya sha a gona a cikin kara yake tsayawa, kaɗan ne ke shiga tsaba. Shi kuma ba ya jiran ruɓewa. Ban-ruwa na farko da na biyu suna wanke shi daga jikin kara su shigar da shi ƙasa. Matan da ke tace tokar kara don miya sun san wannan sinadari da harshensu, ko da ba su san sunansa na boko ba.

Bayan ruwa sai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Cikin ƙasar da za ta cika cokali ɗaya akwai miliyoyinsu. Da zarar kara ya jiƙe, sai su far wa abin da ke da taushi da zaƙi a cikinsa, wato ganye da ɓargo. Wannan aiki na ƴan makonni ne. In ka ɗaga shimfiɗa bayan kwana ashirin ka ga wani farin zare kamar saƙar gizo-gizo ya bi jikin kara, kada ka tsorata, ba cuta ba ce. Funfuna ce, ita ce mai ƙarfin cin ɓawon kara mai tauri, wanda sauran ƙwayoyin ba su iya shi. Ƙamshin nan da ke tashi kamar na ruwan fari a kan ƙasa, shi ma alamar aikin ƙwayoyin ƙasa ne.

Su waɗannan halittu suna numfashi kamar yadda muke yi. Mafi yawan nauyin karan da suka ci iska yake zama ya tashi sama. Shi ya sa dami guda ba ya komawa taki dami guda. Abin da ke saura ɗan kaɗan ne, baƙi, mai laushi, mai kama da garin gawayi da aka jiƙa, wanda ba a iya gane ko daga kara ya fito ko daga ganye. Wannan ɗan baƙin abu shi ne ran ƙasa. Yashi zalla kamar rariya yake, ruwa da taki suna wucewa ta cikinsa su gangara inda saiwa ba ta kaiwa. Baƙin abin nan yana riƙe ruwa kamar soso, yana riƙe sinadaran taki har shuka ta buƙace su, yana kuma haɗa ƙwayoyin yashi su zama ƴan dunƙule-dunƙule waɗanda iska ba ta ɗauka da sauƙi. A jigawar ƙasarmu bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasa ba, a wurare da yawa ma bai kai rabin haka ba.

Ga kuma abin da ya bambanta mu da ƙasashen sanyi. A shekarun 1970 masu bincike biyu, Jenkinson da Ayanaba, suka sa ciyawa iri ɗaya a ƙasa a Ibadan ta Nijeriya, suka gwada da yadda take ruɓewa a Ingila. Suka tarar a Ibadan saurin ruɓewarta ya ninka na Ingila kusan sau huɗu. Zafi da laima su ne ke hanzarta aikin. A gonar tudu, rani yana tsayar da ruɓewa wata bakwai ko takwas saboda babu ruwa. A garka kuwa, inda ake ban-ruwa cikin zafin bazara, babu hutu. Ke nan abin da manomin Turai zai zuba sau ɗaya ya daɗe yana cin moriyarsa, mu sai mun yi ta sabuntawa. Ko shi baƙin abin da muka ambata ba ya dawwama. Ana ci gaba da cinsa a hankali, in aka daina ƙari sai ƙasa ta koma gidan jiya cikin ƴan shekaru.

Me ya sa shuka takan yi ɗorawa?

A nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna. Wani ya daddatsa kara, ya haɗe shi da ƙasa da hauya, ya dasa tumatir ko kabeji. Bayan mako biyu ganyen ƙasa ya fara zama ruwan ɗorawa, shuka ta tsugune ba ta girma. Sai ya ce kara guba ne.

Ga abin da ya faru. Ƙwayoyin halittar nan, kamar mutum, ba su iya rayuwa da tuwo zalla, sai da miya. Tuwonsu shi ne busasshen kara. Miyarsu ita ce azot, sinadarin nan da ke sa ganye ya yi kore shar, wanda saboda shi muke sayen takin ure. A cikin kilo 100 na busasshen karan gero, azot bai fi kimanin rabin kilo ba. A cikin kilo 100 na harawar wake kuwa ya kai kimanin kilo 2. In aka ba ƙwayoyin nan kara zalla, sai su nemi cikon miyarsu daga azot ɗin da ke cikin ƙasa, wato abincin shukarka. Sun kuma fi saiwa sauri. Aro ne suke yi, domin in sun gama da karan suka mutu, azot ɗin yana dawowa ƙasa. Amma aron yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, ko fiye, kuma tumatir ɗin da ya tsugune a ƙuruciyarsa ba ya cika ramawa.

Maganin abin yana da sauƙi. Kara a sama yake zama, ba a binne shi lokacin da shuka ke tsaye. In yana sama, fuskar ƙasa kawai yake taɓawa, aron da ake yi kaɗan ne, saiwa kuma tana can ƙasa tana cin abincinta. In da hali, a fara barbaɗa ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu, sa'an nan a rufe da kara. Shimfiɗar tana kare takin daga rana, takin kuma yana ba ƙwayoyin miyarsu. Wanda ya ga ɗorawa ta riga ta bayyana, ɗan ure kaɗan a gefen shuka, a bi shi da ruwa, yana gyara ta.

Kayan shimfiɗa ba ɗaya suke ba. Ɗanyen ganyen wake ko na gyaɗa, da ragowar ganyen zogale da kabeji, cikin wata guda sun narke, sun ba da abinci da wuri, amma inuwarsu ba ta daɗewa. Karan gero da na dawa da na masara suna kai wata uku zuwa biyar a garka. Ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa sun fi haka daɗewa. Garin katako na wurin kafintoci shi ne sarkin masu aro, azot ɗin cikinsa bai taka kara ya karya ba, don haka kada a kuskura a haɗe shi da ƙasar fangali sai ya shekara a ramin taki. Ganyen bedi da ke zuba a titunan Maradi ana sharewa ana ƙonewa, shimfiɗa ce mai kyau da ake samu kyauta. Ganyen turare, wato itacen nan dogo mai ƙamshi da ake shukawa a bakin garake, yana da jinkirin ruɓewa, yana kuma danne tsiron ƙananan iri, gara a bar shi a gindin uwarsa.

Gara: abokiya ko abokiyar gaba?

Mu koma kan ƙarar da aka shigar tun farko. Gaskiya ne, a ƙasarmu gara ce ke cin kaso mafi girma na busasshen kara. Gaskiya ne kuma tana kwashe wani abu ta kai gidanta, wanda mai yiwuwa yana wajen garkarka. Ba za mu ɓoye wannan ba. Amma ku dubi abin da take bari. Kafin ta ci kara sai ta lulluɓe shi da laka, lakar kuwa daga can ƙarƙashi take haƙo ta, mai ƙarfin da yashin sama ba shi da shi. Hanyoyin da take hudawa suna zama ƙofofin da ruwa da iska ke shiga, saiwa kuma ta bi su ta nutsa.

A arewacin Burkina Faso, a shekarun 1990, wani mai bincike, Abdoulaye Mando, ya gwada wannan a kan fako, irin ƙasar nan da ta daskare kamar daɓe, ruwa ke gudu a kanta, ko haki ba ya fita. Ya shimfiɗa busasshen haki da rassa a filaye. A wasu ya bar gara ta yi aikinta, a wasu ya kashe ta da magani. Inda gara ta shiga, fako ya fashe, ruwa ya nutse, ciyawa ta dawo. Inda aka hana ta, shimfiɗar ta daɗe a kwance amma ƙasar ba ta canza sosai ba. Manomanmu na geza da ke jefa rassan sabara a kan fako sun riga malaman sanin haka. Masu haƙa tassa a jihar Tawa su ma da gara suke aiki, takin da suke zubawa a ramin shi ke kiranta.

Duk da haka akwai ƙaramar gara mai shiga saiwa da gindin tattasai da masara da gyaɗa da ƙananan itatuwan da aka dasa. Ta fi kama shukar da ƙishirwa ta raunana ko wadda hauya ta yi wa rauni. A ganina, laifin da ake ɗora wa shimfiɗa a nan ya yi yawa, domin garar da ta samu busasshen kara ba ta cika damuwa da ɗanyar shuka ba. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da karan ya ƙare, gara ta taru, ga kuma fangali ya bushe. Saboda haka a bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗa da gindin shuka, kuma kada a bari ta ƙare ƙarƙaf kafin a ƙara wata. Tazarar nan tana kuma hana gindin shuka ruɓewa saboda yawan laima.

Abin da shekaru ke nunawa

A Sadore, kudu da Yamai, akwai cibiyar binciken noma ta ICRISAT. A shekarar 1983 André Bationo da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a can kan gero a cikin yashi irin namu. Suka raba gona kashi huɗu: wani ba a sa masa komai ba, wani aka mayar masa da kara, wani takin zamani, wani kuma aka haɗa masa kara da takin zamani. A shekarar farko bambancin da kara ya kawo bai yi yawa ba. Da shekaru suka yi ta tafiya, sai kason da ba a sa wa komai ba ya yi ta lalacewa, na kara kaɗai ya ninka shi, wanda aka haɗa wa biyun kuma ya fi kowanne nesa ba kusa ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Dalilan da aka gano suna da ban sha'awa. Takin ure, in ana zuba shi kaɗai shekara da shekaru a yashi, yana sa ƙasa ta yi tsami. Ƙasa mai tsami tana ƙone bakin saiwa, tana kuma ɗaure fosfor, sinadari na tsakiya a jikin buhun taki, wanda shi ne ya fi ƙaranci a ƙasar Nijar. Karan da ya ruɓe yana rage tsamin, yana kwance fosfor, saiwa ta yi yawa ta bazu. An ga irin wannan a Samaru kusa da Zariya, a gwajin da aka fara tun 1950, inda filayen da ke samun kashin shanu suka riƙe ƙarfinsu fiye da masu samun takin azot zalla.

Wani dalilin kuma ƙura ce. Hazon hunturu da ke sa mu tari yana ɗauke da garin ƙasa mai laushi daga hamada, mai potas da sauran sinadarai. A kan fili tsirara, iskar da ta kawo shi ita ke kwashe shi. Kara kuwa tarko ne, yana kama shi. A Sadore ɗin dai, a farkon shekarun 1990, an auna yashin da iskar hadari ke kora a farkon damina, wanda ke binne gero yana ɗan tsiro. Shimfiɗar kilo 2,000 a hekta ta rage shi kusan rabi. Ta kilo 500 ba ta yi wani abin kirki ba.

Masu koyon lissafi, ga aiki. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In aka raba kilo 2,000 a kanta, kowane murabba'in mita ya samu giram 200, wato ƴan sandunan kara da ba su isa su ɓoye ƙasa ba. Fangalin garka, da ake so a rufe shi ruf, yana buƙatar ninkin wannan sau da yawa. Daga nan za ku gane cewa babu mai karan da zai rufe gonarsa ta tudu da garkarsa gaba ɗaya, ya kuma ciyar da bisashe.

To ina za a samo?

A da, bayan an saki gonaki, shanun makiyaya suna shiga su ci kara su bar kashi, manomi ya ba da hatsi, kowa ya amfana. Yanzu mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, kusan kowane gida yana kiwo, kara kuma yana da kasuwa a Maradi. Da an gama girbi ake kwashe shi har tushiya. Ba za mu ce wa mai tumaki ya bar su da yunwa ba, kuma babu buƙatar haka. Dabba ganye da kan kara take ci, ta bar sandar. Wannan ragowar ta turke, wadda ta sha fitsari ta haɗu da kashi, ta fi sabon kara kyau, domin ta zo da miyarta. Tsohon darni da tsohuwar zana da aka sauya, da jinkar da aka sauke, da ƙaiƙayin masussuka, duk kayan shimfiɗa ne. Abin takaici shi ne yawancinsu wuta ake sa musu lokacin sharar gona. Wuta tana kore kusan duk azot ɗin sama, ta bar toka, iskar bazara kuma ta kwashe tokar.

Sai itatuwa. A nan jihar Maradi ne, daga shekarar 1983, Tony Rinaudo da manoman karkara suka fara abin da aka sani da sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a gyara shi ya zama itace. An ƙiyasta cewa aikin ya bazu a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo yana zubar da ganyensa a farkon damina, daidai lokacin da shuka ke bukata, ganyen kuma mai azot ne. Sabara da kalgo, in an sassabe su, a bar ganyen ya kaɗe a gona kafin a kwashe itacen. Wanda garkarsa ke kusa yana iya ɗaukar wani kaso a amalanke. Tattalin kayan shimfiɗa da kaka ake fara shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

In abin da aka tara bai da yawa, a zaɓi wurin da zai fi biya. Zogale da tattasai da yalo da itatuwan marmari, masu daɗewa a ƙasa, su suka fi cancanta. A fi ba da ƙarfi daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa. Cikin sanyin Disamba da Janairu shimfiɗa mai kauri tana iya sanyaya ƙasa har tsiro ya yi jinkiri, da damina kuma a fadama mai laka tana iya riƙe ruwa fiye da kima. A wurin renon irin albasa da salati, hakin da ake rufawa siriri ne, ana kuma ɗage shi da zarar iri ya tsiro, kamar yadda kuka saba. Inda ake koro ruwa ta lambatu, a ɗora shimfiɗar a kan kunya, in ba haka ba ruwa zai tattara ta ya toshe hanya.

Kiyaye lafiya

Wurin da ke da sanyi da laima cikin bazara, kunama da maciji ma suna sonsa. Kada a tura hannu ƙarƙashin tsohuwar shimfiɗa sai an ɗaga ta da sanda ko hauya. A gargaɗi yara masu tsinkar zogale da sassafe, a sa takalmi.

Ɗanyen kashin dabbobi yana ɗauke da ƙwayoyin zawo da ƙwan tsutsar ciki. Kada a zuba shi a fangalin salati da karas da duk abin da ake ci ɗanye, sai ya yi watanni a rami ya ruɓe sarai, ya daina wari da zafi. Sharar birni da ake kawowa garake a amalanke, a tsince ta tukuna. Leda ba ta ruɓewa, sai dai ta dagargaje ta zauna a ƙasa shekaru, tana tare saiwa da ruwa, akuya kuma ta haɗiye ta ta mutu. Tsohon batir yana zubar da guba, fasasshiyar kwalba da allura suna yanka ƙafa.

Ita ma shuka tana ɗaukar cuta daga shimfiɗa. Tumatir ko tattasai da ya mutu da ciwo, ko wanda aka tuge aka ga saiwarsa ta yi ƙulle-ƙulle, wannan kam a fitar da shi daga garka a ƙone. Hakin da ya riga ya yi ƴaƴa, kamar ƙarangiya, shuka ciyawa ne da hannunka, a yanke shi tun bai yi fure ba. Karan gonar da ƙuduji ya mamaye kada a mayar da shi wata gonar hatsi.

Akwai kuma tsutsar nan mai huda karan gero, wadda ke kwana a cikinsa duk rani tana jiran damina. A karan da aka tara a tsaye, ko aka yi darni da rumfa da shi a inuwa, tana rayuwa lafiya lau. In aka sare kara bayan girbi aka kwantar da shi ɗaiɗai a ƙasa, zafin rana yana kashe mafi yawanta. Saboda haka karan da za a kai garka, a bar shi ya sha rana a kwance makonni kaɗan a gonar da aka sare shi kafin a ɗaure.